Yaron da Ke Karatu a Gida da Matsalar Haɗa Harufa

Koyar da yaro a gida, wato iyaye ko malamin da suka ɗauka su riƙa ba shi darussan da aka saba bayarwa a aji, tsari ne da ya daɗe da zama da gindinsa a ƙasashe irin su Amurka, inda tun daga shekarar 1993 doka ta amince da shi a dukan jihohi 50, amma a ƙasar Hausa yawancin gidajen da suka shiga wannan hali larura ce ta kai su. Annobar korona ta sa an rufe makarantun Nijeriya a watan Maris na 2020, sannan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar wannan shekara da kuma a Jangebe a Fabrairun 2021 ya jawo rufe makarantu da dama a arewa maso yamma, ga kuma yaran da ciwo mai dawowa irin sikila yake hana su zuwa aji na makonni. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro a Nijeriya karatun shekara 9, saboda haka karatun gida a nan galibi cike giɓi ne kafin yaro ya koma makaranta, kuma nauyinsa yakan faɗa a kan uwa ko yaya ko malamin da ke zuwa da yamma, waɗanda ba kowanensu ne ya sami horon koyarwa ba.

Daga cikin abubuwan da suka fi ɗaure wa irin waɗannan masu koyarwa kai akwai yaron da yake da kaifin baki, yake ba da labari tiryan-tiryan, wataƙila ma yana iya karanta shafi guda ba tare da tuntuɓe mai yawa ba, amma da zarar an ce ya rubuta sai kalmomi su fito a karkace, har kalma ɗaya ta zo da siga uku a shafi ɗaya. Wannan ita ce matsalar haɗa harufa, wadda 'yan makaranta suke kira sifelin, wato jera baƙaƙe da wasula yadda ƙa'idar harshe ta tanada domin kalma ta fito daidai. Abin da ya kamata mai koyarwa ya riƙe tun farko shi ne cewa kurakuran yaro suna da tsari, kuma wanda ya zauna ya nazarce su zai ga inda ilimin yaron ya tsaya, daga nan ne kuma ya kamata darasi ya tashi.

Dalilin da ya sa rubutu ya fi karatu wuya

Mai karatu yana da abin dogaro a gabansa, domin harufa suna nan a kan takarda, kuma ko da bai tantance kowane ɗaya ba, farkon kalma da ma'anar jimla sukan taimaka masa ya cinka. Mai rubutu kuwa farar takarda ce kawai a gabansa, don haka dole ya riƙe kalmar a ransa, ya rarraba ta zuwa sautukan da suka gina ta, ya zaɓo harafin kowane sauti, ya tuna ƙa'idar da ta shafi kalmar, sannan ya sa hannu ya zana harufan a jere ba tare da ya manta abin da yake son faɗa ba. Idan ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya yi rauni, kalmar za ta fito da naƙasu, kuma wannan ne ya sa ake samun yaron da karatunsa ya yi nisa alhali rubutunsa yana baya.

Nauyin aikin ya danganta kuma da harshen da ake rubutawa. Rubutun Hausa na boko yana cikin waɗanda harafi da sauti suke tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa, ta yadda wanda ya san baƙi da wasali zai iya rubuta "gida" ko "makaranta" ko da bai taɓa ganinsu a rubuce ba. Turanci kuwa yana da harufa 26 da suke ɗaukar sautuka kusan 44, kuma sauti ɗaya yana iya zuwa da siga daban-daban, kamar yadda ake gani a "see" da "sea" da "key". Wani bincike da Philip Seymour da abokan aikinsa suka wallafa a 2003, wanda ya kwatanta yara masu koyon karatu a harsunan Turai 13, ya nuna cewa masu koyo da harsuna irin su Finlanci da Girkanci da Italiyanci sukan kama tushen karatu cikin shekarar farko, alhali masu koyo da Turanci suna bukatar fiye da ninkin wannan lokaci. Idan haka abin yake ga yaron da aka haifa cikin Turanci, to Bahaushen yaro da ake nema ya rubuta harshen da bai gama ji ba yana ɗauke da kaya biyu a lokaci guda. Saboda haka ya fi dacewa a fara kafa masa tushe da Hausa, inda zai gane da kansa cewa kalma sautuka ce kuma kowane sauti yana da alama, kamar yadda shirye-shiryen koyar da karatu irin su RANA a Katsina da Zamfara da kuma Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato suka ɗora aikinsu a kan harshen uwa.

Karanta kuskure kafin gyara shi

Matakin farko na taimako shi ne mai koyarwa ya tara rubutun yaro na mako ɗaya ko biyu, ya fitar da kalmomin da suka karkace a takarda guda, ya rubuta daidai ɗinsu a gefe, sannan ya kasa su gida uku. Kashi na farko kurakuran kunne ne, inda yaro ya tsallake wani sauti ko ya sauya masa wuri, kamar ya rubuta "makanta" a maimakon "makaranta", ko "kujare" a maimakon "kujera", abin da ke nuna cewa bai riga ya iya rarraba kalma zuwa gaɓoɓi da sautuka ba. Kashi na biyu kurakuran ƙa'ida ne, inda yaro ya ji dukan sautukan daidai amma bai san yadda aka amince a rubuta su ba, kamar ya rubuta "ya na da kafa biyu" alhali abin da yake nufi shi ne "yana da ƙafa biyu". Kashi na uku kurakuran tuni ne, waɗanda suka fi yawa a Turanci, inda kalmar take da sigar da sai an haddace ta, kamar yaron da ya rubuta "sed" a wurin "said", wanda a gaskiya kunnensa ya yi aiki daidai, sigar kalmar ce kawai ba ta zauna masa ba.

Amfanin wannan rabe-rabe shi ne kowane kashi da maganinsa. Yaron da matsalarsa ta kunne ce ba zai amfana da kwafar kalma sau 20 ba, domin zai kwafe ta kamar zane ne, ya manta da ita kafin gari ya waye, kuma wanda ƙa'ida ɗaya ce ta kuɓuce masa yana iya gyara kalmomi da yawa a zama guda idan aka bayyana masa ita. A nan ne karatun gida ya fi aji mai yara 80 ko 100 dama, domin malamin irin wannan aji ba shi da sukunin bin takardar kowane yaro, amma uwa mai yaro ɗaya ko biyu a gabanta tana da shi.

Wuraren da rubutun Hausa yake kayar da yara

Ƙa'idojin rubutun Hausa sun ginu ne a hankali, tun daga ɗan littafin ƙa'idoji da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, zuwa shigo da baƙaƙe masu ƙugiya a shekarun 1930 lokacin da Rupert East yake jagorantar hukumar talifi a Zariya, har zuwa tarukan daidaita rubutu na Bamako a 1966 da Yamai a 1980. Duk da sauƙin wannan rubutu, akwai wurare kaɗan da kusan kowane mai koyo yake tuntuɓe, kuma ya kamata a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, tare da 'y wanda a Nijar ake rubuta shi ƴ. Hanya mafi inganci ta koyar da su ita ce a kawo kalmomi biyu da harafi ɗaya kacal ya raba ma'anarsu, irin su baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari, da kuma da da ɗa, a faɗe su a fili yaro yana saurare, ya nuna wadda ya ji, sannan ya rubuta. Na biyu shi ne baƙaƙe masu goyo, wato harufa biyu da suke wakiltar sauti ɗaya, kamar sh da ts da ky da gw da ƙw, waɗanda ya kamata yaro ya ɗauke su a matsayin abu guda idan yana ƙirga sautukan "tsuntsu" ko "kyanwa". Na uku shi ne ninka baƙi, inda ake danna sauti a tsakiyar kalma, kamar bambancin kala da kalla ko kule da kulle, kuma tafa hannu a kan kowace gaɓa, a ce "han-nu" ko "lit-ta-fi", yana sa yaro ya ji baƙin da ya rufe gaɓar farko da wanda ya buɗe ta biyu. Na huɗu shi ne alhamza da ke tsakiyar kalmomi irin su "sana'a" da "ma'aikaci". Na biyar, wanda har manya suke fama da shi, shi ne haɗa kalmomi da raba su, domin ana haɗe "yana" da "suke" da "gidansu", ana kuma raba "za su" da "shi ne" da "ba ta zo ba".

Akwai kuma inda baki da alƙalami suke rabuwa. Ana furta "gidam Bala" amma ana rubuta "gidan Bala", saboda naso, wato tasirin da sauti yake yi a kan maƙwabcinsa, ba a nuna shi a tsakanin kalmomi biyu. Haka nan yaron Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi da ya rubuta "hwara" a wurin "fara" ya bi karin harshen gidansu ne, kuma abin da yake bukata shi ne a sanar da shi cewa rubutu yana bin daidaitacciyar Hausa, ba tare da an kushe masa maganar iyayensa ba. Ya kamata kuma iyaye su lura cewa yawancin Hausar da ke yawo a WhatsApp da Facebook ba ta da ƙugiya kuma ba ta bin ƙa'idar rabawa, don haka abin da zai gyara idon yaro shi ne littafin da aka tace, irin su Magana Jari Ce na Abubakar Imam da littattafan Hausa na firamare.

Yadda darasin yini ya kamata ya kasance

Darasin minti 10 zuwa 15 a kowace rana ya fi zaman awa biyu sau ɗaya a mako amfani nesa ba kusa ba, kuma dalilin haka sananne ne tun 1885, lokacin da masanin nan na Jamus Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka koya yana zubewa da sauri a sa'o'in farko, kuma maimaitawar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya zama a ƙwaƙwalwa. Ana iya fara darasi da aikin kunne kawai. Uwa ta zauna da yaro a kan tabarma da ƙwayoyin wake kaɗan a gabansu, ta ce "ƙofa", yaro ya maimaita a hankali yana tura ƙwaya ɗaya gaba a kan kowane sauti har su zama huɗu, sannan ta ce "tsaba", ya gano cewa ita ma ƙwaya huɗu ce ko da yake harufanta biyar ne, daga nan sai ya rubuta harafi ko harufan kowace ƙwaya a ƙarƙashinta. Wannan dabara ta samo asali ne daga aikin masanin Rasha Daniil Elkonin, kuma amfaninta shi ne tana mayar da sauti, wanda yake wucewa da zarar an furta shi, abin da yaro zai gani ya taɓa.

Bayan haka sai a kawo kalmomi 5 zuwa 8 waɗanda suka yi tarayya a siga ɗaya, misali duk masu ƙw ko duk masu ninkin baƙi, domin jerin kalmomin da ba su da dangantaka yana tilasta wa yaro hadda tsagwaronta, alhali jeri mai siga ɗaya yana koya masa ƙa'idar da zai yi aiki da ita a kalmomin da bai taɓa gani ba. A kan kowace kalma yaro zai dube ta, ya faɗe ta, ya rufe ta da hannu, ya rubuta daga ka, sannan ya buɗe ya gwada da kansa, kuma wannan rufewar ita ce zuciyar aikin, domin ƙoƙarin tunowa ne yake kafa kalma, kwafa kuwa ba ta bukatar tunowa. Idan kalma ta ƙi zama, sai a rubuta ta da manyan harufa, yaro ya bi ta da yatsa yana furtawa, ko ya zana ta a kan yashi, hanyar da Grace Fernald ta yi amfani da ita a Amurka tun shekarun 1920 wajen koyar da yaran da karatu ya gagara. Ana rufe darasi da shifta, wato a faɗi gajeriyar jimla ɗaya ko biyu masu ɗauke da kalmomin ranar da wasu na makon jiya, yaro ya rubuta.

Gidan Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tsari, domin makarantar allo tana fara yaro da babbaƙu, ta wuce da shi farfaru, yana bin rubutu da yatsa yana ɗaga murya, ba a wanke masa allo sai karatun ya zauna, wato ido da kunne da baki da hannu duk suna aiki tare. Koyon rubutun Larabci da na boko a lokaci guda abu ne da yara masu yawa suke yi lafiya, illa dai yana da kyau a sa wa mai farawa alama a gefen hagu na takardar boko domin ya san inda layi yake tashi.

Idan an shiga Turanci

Da zarar tushen Hausa ya kafu, sai a shiga Turanci ta hanyar sauti, wato a koya wa yaro sautin da harafi yake bayarwa kafin a dame shi da sunan harafin, tsarin da rahoton Jim Rose na 2006 ya sa aka ɗora koyar da karatu a kansa a Ingila, kuma wannan tsari ne tushen Jolly Phonics da makarantu da yawa a Nijeriya suke amfani da shi. Bahaushen yaro yana da wuraren tuntuɓe na musamman waɗanda harshensa ya gadar masa. Hausa ba ta bambanta p da f, don haka "pan" da "fan" sukan zame masa abu ɗaya, ba ta da v, kuma ba ta fara kalma da sautukan baƙi biyu a jere ba tare da wasali a tsakaninsu ba, shi ya sa yake rubuta "sukul" a wurin "school". Maganin wannan shi ne aikin kunne da baki, yaro ya kalli leɓen mai koyarwa ko nasa a madubi ya ga yadda leɓɓa suke haɗewa a p, haƙori kuma yake taɓa leɓe a f na Turanci.

Turanci yana da ƙa'idoji fiye da yadda ake zato, kuma koyar da su ɗaya bayan ɗaya yana rage yawan abin da za a haddace. Harafin e da ba a furtawa a ƙarshen kalma shi ne ya raba "hop" da "hope", kuma shi ne dalilin bambancin "hopping" da "hoping". Dangantakar ma'ana ma tana bayyana wasu harufan da suke kamar ba su da aiki, domin g ɗin da ke cikin "sign" yana fitowa fili a "signal". Kalmomin da suka saɓa wa ƙa'ida kuma ake yawan amfani da su, irin su "said" da "was" da "one", sai a ɗauke su biyu ko uku a mako, a nuna wa yaro ainihin gurbin da ya saɓa, domin sauran kalmar yawanci tana bin sauti.

Lokacin da ya kamata a nemi ƙwararre

Juya harufa, kamar rubuta b a wurin d, abu ne da yara masu farawa suke yi har zuwa wajen shekara 7, kuma shi kaɗai ba alamar wata larura ba ne. Amma idan an yi watanni ana koyarwa a tsare kullum, yaro yana ƙoƙari, kuma har yanzu ba ya iya rarraba sautukan gajeriyar kalma, to abu na farko shi ne a kai shi asibiti a duba kunnensa da idonsa, domin ciwon kunne mai dawowa yana rage ji ta yadda yaro zai riƙa rasa ƙananan bambance-bambancen sauti. Idan waɗannan lafiya suke, mai yiwuwa ne yaron yana da disileksiya, wato wata wahala ta musamman wajen danganta sauti da harafi wadda ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, kuma takan bi jini a dangi. Likitan ido na Jamus Rudolf Berlin ne ya raɗa mata wannan suna a 1887, a 1896 kuma likitan Ingila Pringle Morgan ya ba da bayanin wani yaro ɗan shekara 14 mai hazaƙa wanda karatu da rubutu suka gagare shi, kuma ƙungiyar da ke kula da wannan larura a Birtaniya tana ƙiyasta cewa ta shafi kusan mutum 1 cikin 10. Hanyar da Samuel Orton da Anna Gillingham suka tsara domin irin waɗannan yara a shekarun 1930 ta ginu ne a kan abubuwan da aka bayyana a sama, sai dai ana tafiya a hankali, ana yawaita maimaici, ba a kuma tsallake mataki. Sashen ilimi na musamman a jami'o'i da kwalejojin ilimi wuri ne da iyaye za su iya neman shawara da gwaji.

Kiyaye zuciyar yaro

Duk wata dabara za ta tashi a banza idan yaro ya tsani alƙalami, kuma babu abin da yake kawo wannan da sauri kamar bulala, da kiransa daƙiƙi, da gwada shi da ƙanensa a gaban mutane. Yaron da yake tsoron kuskure yakan koma rubuta kalmomin da ya tabbatar da su kawai, sai rubutunsa ya tsuke, tunaninsa ma ya tsuke tare da shi. Saboda haka ya dace a raba lokacin ƙa'ida da lokacin ƙirƙira, ta yadda idan yaro ya rubuta tatsuniya ko wasiƙa zuwa ga kakarsa za a fara karanta abin da ya faɗa a amsa masa, daga baya a zaɓi kalma biyu ko uku kawai a sa su cikin darasin gobe. Yabo ma ya fi amfani idan ya nuna takamaiman abu, kamar a ce masa ya sa ƙugiyar ƙ a duk inda ta dace a yau. Ajiye tsofaffin takardunsa da kwanan wata a kansu yana ba shi damar ganin ci gabansa da idonsa bayan wata biyu ko uku, abin da yake da muhimmanci ga yaron da ya saba jin cewa ba ya iyawa. Sannu ba ta hana zuwa, kuma mai koyarwar da ya dage da minti 15 a kullum, yana ɗauko darasin gobe daga kurakuran yau, zai mayar da yaronsa aji da tushen da zai ci gaba da gini a kai.